Ta'aziyyar da Na Kai Miri Bayan Shekara Bakwai

Shekara goma sha bakwai na yi a cikin wata jama'a wadda ba zan ambaci sunanta ba, domin har yanzu akwai mutanen kirki a cikinta waɗanda ba na son a nuna su da yatsa saboda ni. Muna da unguwarmu a gefen garin Bauchi, mun kewaye ta da katanga, da masallacinmu da mahautanmu da maƙabartarmu duk a ciki. Shugabanmu muna ce masa Jagora. Duk wanda ba ya cikinmu, ko da shi ya haife ka, sunansa mutumin waje. Ba a cin yankansa, ba a bin sa salla, ba a tsayawa a kan gawarsa. Ba a kuma ƙetare ƙofar unguwa zuwa wani sha'ani sai da izinin Jagora.

Ba zan ce yaudarata aka yi ina yaro ba. Na shiga ina da furfura a gemu, bayan na yi shekaru ina koyarwa a makarantun gwamnati. Da aka ga kyan rubutuna da tsarin maganata, sai aka naɗa ni magatakardan Jagora. Waɗannan dokoki da na zana a sama, da alƙalamina aka rubuta su, kuma na yi alfahari da yadda jimlolinsu suka zauna daram.

Da na fito, abu guda ne ya hana ni sakat, shi ne kuwa dalilin wannan rubutu. Mahaifiyata ta rasu ina cikin katangar nan, ban je jinyarta ba, ban je jana'izarta ba, kuma ban sani ba ko ta yafe mini kafin ta cika. Mutum ɗaya tak ke da amsar, ita ce ƙanwata da ke aure a ƙauyen Miri, wadda tsohuwar ta cika a kan cinyarta.

Mahaifiyarmu Dada muke ce mata. Asalinmu Fulanin daji ne, kakanmu ya sayar da shanu ya zauna gari, amma kunyar Fulani ba ta bi shanun ba, ta biyo mu cikin gida. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da ta haife ni ba ta taɓa furta sunana ba. A ɗakin goggona na tashi. In Dada za ta yi zancena sai ta ce "yaron Goggo", in kuwa ina kusa sai ta yi kamar da bango take magana. Ba ta tambayar lafiyata, ba ta yabona, in wani ya yabe ni a gabanta sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Amma duk ranar da na shigo gidan, sai in ji ta ce wa ƙanwata, "Kai wa mutanen zaure furar nan," alhali kuwa ni kaɗai ne a zauren, furar kuma ita ce wadda aka fi zuba wa nono. Haka muka zauna, kowa ya san matsayinsa, babu wanda ya ga aibu a ciki.

A shekarata ta goma sha ɗaya cikin jama'ar, wata Litinin da hantsi, aka ce ana sallama da ni a ƙofar unguwa. Na tarar da mijin ƙanwata a kan babur, ƙafafunsa duk taɓon gona. Ya ce jikin Dada ya yi tsanani, kwana huɗu ke nan ko kunu ba ya wucewa. Ni kuwa sai na dube shi na ce, "Ita ta ce a kira ni?"

Ya ce, "Ba ta ce ba."

Na ce to, zan nemi izini. Ya tayar da babur ɗinsa ya tafi.

Babu wata kalma da na taɓa furtawa a duniya wadda nake jin kunyarta kamar wannan tambaya. Na fi kowa sanin cewa Dada ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta buɗe baki ta ce a kira mata ɗan fari ba. Na yi tambayar ne domin na san amsar da za a ba ni, amsar kuwa ita nake bukata in fake da ita. Duk da haka na rubuta takardar neman izini, na kai da hannuna. Jagora ya ce a bari sai majalisin Juma'a a duba. Ranar Laraba da azahar Dada ta cika. Jana'izar mutanen waje kuwa ba abar neman izini ba ce, doka ta riga ta rufe wannan ƙofa.

Bayan shekara huɗu mahaifiyar Jagora ta rasu a cikin gari. Ita ma ba ta taɓa shiga jama'armu ba. Ina tsaye na ga ya sa babbar riga, ya shiga mota, aka buɗe masa ƙofar unguwa. Labari ya zo mana cewa a sahun gaba ya tsaya, har ya shiga kabari ya karɓe ta. Da ya dawo ya kira ni, ya ce in rubuta bayanin da za a karanta wa jama'a, cewa wanda ya kai matsayinsa akwai abin da ya halatta gare shi wanda bai halatta ga mabiya ba. Na rubuta. Har na gyara masa jimla biyu da na ga ba su yi daɗin karatu ba. Sai da na ƙara shekara biyu cur ina cin tuwon wurin, yana tsaya mini a wuya, kafin na sami ƙarfin halin kiran motar ɗaukar kaya.

Da safe muka fita, ni da mai ɗakina da akwatunan littattafaina. Babu wanda ya tare mu, babu kuma wanda ya amsa sallamarmu. Wani ɗan'uwan mai ɗakin nawa ya ba mu ɗaki biyu a gidansa na Gwallameji, unguwar da na bari tana gonaki, na dawo na tarar da ita gidajen bulo da ma'aikata masu sammakon tafiya ofis.

Mutane suna zaton wanda ya fito daga irin wannan wuri murna yake yi. Ni dai abin da na sani, watannin farko sai in sa riga da hula da takalmi, in zo bakin ƙofa in tsaya. Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, wa kake jira?" In ce ba kowa. Ashe ƙafata ce ta saba ba ta fita sai an ce ta fita. Naman kasuwa kuwa wata shida maƙogwarona yana ƙinsa. In na bi limamin unguwa salla, sai in dawo ɗaki in rufe ƙofa in sake ta, ina yi ina jin haushin kaina. A kasuwar Wunti nakan haɗu da mutanen da muka yi shekaru muna cin abinci a akushi ɗaya, su dube ni kamar yadda ake duban turken da babu dabba a jikinsa, su wuce. Ban zarge su ba. Ni na rubuta yadda za a yi da wanda ya fita.

Gidan dangi na farko da na taka shi ne na ɗan kawuna, abokin wasana, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a GRA. Na zaɓe shi ne don na san da wasa zai tarbe ni, wasa kuwa ya fi sauƙin haɗiya bisa ga faɗa. Na same shi a gindin mangwaro yana sauraron rediyo. Yana ganina ya miƙe yana tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Yau waliyyi ya sauko cikinmu masu zunubi! Ku kawo masa buzu, kada kujerarmu ta karya masa alwala."

Na ce, "Kai dai an yi maka ritaya, an manta ba a yi wa bakinka ba."

"Za ka sha ruwanmu, ko sai mun aika wa maigidanka ya sa hannu ya buga hatimi?"

"Kawo, ko na kwata ne zan sha, tun da a gidanka aka ɗebo."

Muka yi dariya har na ji hawaye a idona, rabona da irin wannan dariya na manta. Daɗin abin ya kwashe ni, sai na ɗaga murya wajen cikin gida, na kira uwargidansa yadda na saba tsokanarta tun tana amarya. Na ce, "Ina matar tawa? Ko ta ji muryata ta ɓuya don kada in tambaye ta masar da ta yi mini alkawari?"

Ya kashe rediyon. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce, "Shekararta tara a kabari. Na aika maka. An ce wa ɗan aiken ba ka karɓar irin wannan saƙo."

Shi ya cece ni daga kunyar. Ya shiga lissafa mini waɗanda suka tafi a bayana, yana lanƙwasa yatsu: kawu mahaifinsa, da ƙannen babanmu biyu, da wance, da ɗan wane da mota ta kaɗe, har yatsun suka ƙare ya sake farawa. Da ya gama ya ce, "Bari in ba ka shawara, ko da yake kai ne malami. Kada ka ƙara shiga gidan kowa da 'ina wane'. Shiga da 'ya haƙuri'. Ba za ka yi kuskure ba, babu gidan da ba a yi mutuwa a bayanka ba."

Na ɗauki shawararsa. Wata tara na yi ina bin gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya, yau cikin gari, gobe bayan gari, a keke ko a ƙafa, ina kai gaisuwar mutuwar da masu ita sun daɗe da share hawayenta. Wasu suka karɓa da mutunci, suka ce Allah ya ba da lada. Wasu suka amsa da baki, fuska kuwa a ɗaure. Wata tsohuwa ƙanwar kakarmu, da na durƙusa na ce ya haƙuri, sai ta karkato kunne ta ce, "Na wacce daga ciki, ɗan nan? Uku aka yi." Na lura da wani abu mai nauyi a wannan yawo: ina shiga gida ana hira, in tayar musu da mamacin da ya kwanta a zukatansu, in fita in bar su da jan ido. Sau da yawa na tambayi kaina ko don su nake yi ko don kaina.

Miri kuwa na bar ta can ƙarshe. Kullum ina da dalili: yau hadari, gobe ƙafa, jibi ba a zuwa wa manomi da damina tsaka. Gaskiyar ita ce abu biyu suka riƙe ni. Na ɗaya girman kai, domin ni ne babba, yarinyar da na goya a kafaɗa ita zan je in durƙusa wa. Na biyu tsoro, domin muddin ban tambaya ba, ina iya gaya wa kaina cewa Dada ta yafe. Wata safiya mai ɗakina ta ajiye mini koko, ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, gidajen masu sauƙi sun ƙare." Ranar na tafi.

Kaka ta kusa, dawa ta yi kai ta sunkuya a gonakin bakin hanya. Mai keke ya sauke ni a titi, na ƙarasa da ƙafa. Mijinta yana gona. Na yi sallama, muryar mace ta ce a shigo. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faifai. Na bar ta da ƙuruciyarta, na tarar da tsohuwa mai kama da Dada, har yadda take ɗaura ɗankwali.

Ta dube ni ta ce, "Hamma." Haka ƙannena ke kirana, wato babban wa. Ta tashi ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ta kawo ruwa a kwanon sha, ta koma kan gyaɗarta. Na tuɓe takalmi, na bar tabarmar, na zauna a ƙasa a gabanta. Na tattaro kalmomin da na yi wata tara ina maimaitawa, na ce, "Ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Haƙurin wa?"

Na ce, "Na Dada."

"Ikon Allah. Dada ni kaɗai ta haifa, da za ka zo ka yi mini ta'aziyya kamar maƙwabci? Hamma, kai ake zuwa a yi wa. Kwana uku mutane suna cika zauren nan, kowa ya zauna sai ya ce ina babban ɗan. Mijina ne ya zauna yana karɓar gaisuwa, suruki, kamar ba ta bar namiji a duniya ba. Har ƙarya na yi saboda kai, na ce ba ka da lafiya."

Duk iya maganata, duk tsarin da na zo da shi, ban taɓa tsayawa na ga wannan ba. Na saba da zama baƙo a gidajen mutuwa har na zo mutuwar uwata a matsayin baƙo. Na ce, "Gaskiyarki. Ban san ta inda zan shigo ba ne."

Ta ce, "Ƙofar ba ta canja wuri ba."

Kaji suna tsintar ɓawon gyaɗa a tsakaninmu. Can na ce, "Abu ɗaya na zo tambaya, ke kaɗai kika sani. Don girman Allah kada ki rage, kada ki ƙara. Ta yafe mini?"

Ta ture faifan gefe, ta share hannu a zani. Da ta fara ba ni take kallo ba, ƙofar wani ɗan ɗaki take kallo, wanda na gane a nan aka yi jinyar.

Ta ce, "Ranar Laraba da safe ta sami sauƙi, irin sauƙin nan da ka sani. Ta ce a tayar da ita a jingina ta da bango. Muka taru, kowa yana neman gafara. Ta shiga kiran suna ɗaya ɗaya tana cewa na yafe maka, na yafe miki, duniya da lahira. Ni, da ƙannenmu, da jikoki, da mijina. Har matar gidan can da suka yi shekara ba sa magana a kan akuya ta kira ta. Da ta gama ta yi shiru. Na jira, na jira. Sai na matsa kusa da kunnenta na ce, 'Dada, saura Hamma.'"

Na ce, "Sai ta ce me?"

"Ba ta ce komai ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango. Ba ta ƙara magana ba har azahar."

Na ce, "Kunya ce. Ai haka take yi in an ambace ni a gaban mutane."

"Haka take yi. Haka kuma take yi in Baffa mahaifinmu ya ɓata mata rai, ka sani, sai ta kwana biyu fuskarta a bango. Shekara bakwai ina juya abin nan a raina. Wata rana in ce kunya ce, wata rana in ce fushi ne."

"To, wanne kika fi zato? Ke kika zauna da ita. Ki faɗi wanda zuciyarki ta fi ba ki."

Ta girgiza kai. "Kai ka ce kada in rage, kada in ƙara. Ba zan yi wa mamaci shaidar abin da ban sani ba don ranka ya yi sanyi. Da na iya, da na yi wa kaina tun tuni."

Na roƙe ta, ni da ban taɓa roƙon na ƙasa da ni ba. Na kira ta da sunan da nake kiranta tana ƙarama. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi yana zuba, amma ba ta sauya magana ba. Abin da ta ƙara kawai shi ne wannan:

"Laifina ni ma yana nan. Na zauna ina jira ta ce a kira ka, na san ba za ta ce ba, sai da kwana huɗu suka wuce na tura. Amma Hamma, da ka zo, ai ba sai ta faɗi sunanka ba. Ka durƙusa a bakin gadon, ta dubi bango ta ce 'a ce masa ya tashi', shi ke nan an gama. Abin da ya rage mata ke nan ta yi, ba ta sami wanda za ta yi wa ba."

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune a ƙasan nan ba. La'asar ta yi, mijinta ya dawo daga gona, ya gaishe ni da ladabi kamar jiya muka rabu, bai tayar da zancen ƙofar unguwa ba, ni ma ban iya tayarwa ba. Ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ci kaɗan don kada ta ce na ƙi. Da zan tafi ta rako ni har bakin zaure, ta ce in riƙa zuwa, yaran ba su san ni ba. Na ce zan riƙa zuwa, kuma ina zuwa.

Daga baya na kai maganar gaban malamai biyu, ba tare da na ce ni ne ba. Duka suka ce wanda iyayensa suka rigaye shi, abin da ya rage masa shi ne addu'a, da sadaka, da riƙe zumuntarsu, rahamar Ubangiji kuwa mai yalwa ce. Na gaskata su, ina kuwa yi gwargwadon iko. Amma su ma ba su ce mini ta yafe ba, domin ba su da ikon faɗa. Na kai shekarun da mutum ke shirin tafiya, na kuma san cewa da wannan tambaya za a sa ni a ƙasa, amsarta tana wurin wadda ta riga ni.